Abin da Kunna Ƙwai Ɗaya Daga Kwamfuta Ya Koya Mini

Umarnin da ake rubutawa don a kunna fitila daga kwamfuta bai cika rabin shafi ba, amma a kansa na gane wani abu da ya gyara mini tunani: kwamfuta ba ta kunna komai. Lamba kawai take turawa ta wayar USB. Ɗan allon lantarkin da ke ɗaya bakin wayar shi ke yanke abin da lambar take nufi, kuma bai san komai ba sai abin da aka shirya da shi tun farko.

Da allon da ake kira Arduino Uno na yi aikin. An faro Arduino a 2005 a garin Ivrea na Italiya, domin ɗaliban zane waɗanda ba injiniyoyi ba, kuma ana ganin hakan a jikin allon. Akwai ɗan ƙwan LED da aka riga aka haɗa da ƙafa ta 13, ɗaya daga cikin wuraren da ake jona waya a jikin allon, don haka mutum zai iya gwaji bai jona waya ko ɗaya ba. Ni yanzu daga nan nake farawa kullum. Idan na danna maɓalli a kwamfuta ɗan ƙwan nan ya kama, na san magana tana isa, duk matsalar da ta biyo baya a wayoyi take.

Isar maganar kuwa ita ce aikin. Idan ka buga 1 a Serial Monitor, tagar da ake rubuta wa allon saƙo daga kwamfuta, abin da ke isa allon 49 ne, domin a tsarin ASCII, wanda ke ba kowane harafi lambarsa, lambar harafin 1 ke nan. Wanda ya rubuta wa allon cewa ya jira 1 zai kwana yana danne-danne fitila ba ta motsa ba. Sai kuma wani tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Sau da yawa Serial Monitor kan ƙara alamar sabon layi, lamba 10, a bayan abin da aka buga. In umarninka ya ce "49 kunna, duk wani abu daban kashe", ƙwan zai kama ya mutu cikin abin da bai kai ƙiftawar ido ba, ka rantse bai taɓa kamawa ba. Maganin shi ne a ba kashewa tata lambar, 48, wato harafin 0, a yi watsi da sauran. Saurin aikawa ma dole ya zama ɗaya a ɓangarorin biyu. In allo yana kan 9600 kwamfuta tana kan 115200, shirme ne zai cika fuskar kwamfutar.

Wanda ya fi ɗaure wa mutane kai shi ne ranar da aka bar Serial Monitor aka koma Python, yaren da ake rubuta manhaja da shi. Da zarar manhaja ta buɗe tashar USB, Uno kan sake tashi daga farko, ya ɗauki kusan sakan biyu kafin ya fara sauraro. Duk abin da aka aika a wannan tsakanin ya bi iska, kamar mai rattaba saƙo a bakin ƙofa alhali mai gidan bai farka ba. Mutane da yawa kan sa manhajar ta jira sakan biyu su wuce. Yana aiki, amma ni ban so shi. Na fi son allon ya fara cewa ya shirya, sannan bayan kowane umarni ya mayar da amsa: a kunne, ko a kashe. Da haka kwamfutar ba zato take yi ba, musamman in fitilar tana wani ɗaki inda ido ba ya kai.

Ɓangaren wuta ya fi sauƙin lissafi. Ƙafar allon na ba da volt 5, kuma ana so kada a ja fiye da mili'amfiya 20 daga gare ta. Jan LED na cin kusan volt 2, saura 3. Rizista, abin da ke rage wutar da ke wucewa, mai om 220 zai bar wajen mili'amfiya 14 su wuce. Shi ke nan. Rage haske kuma dabara ce: allon na kunnawa da kashewa kusan sau 490 a sakan, ido ya ɗauka ƙwan ne ya dusashe.

Ƙwan ɗaki mai wutar gida daban ne, a nan ba na wasa. Ba ya haɗuwa da allon kai tsaye, sai ta rile, makunnin da maganaɗisu ke ja, kuma wayoyinsa a cikin rufaffen akwati suke zama, ba a kan tebur kusa da yatsu ba. Kafin a jona shi akwai tambayar da ya kamata a amsa: wane hali fitilar za ta shiga lokacin da allon ke sake tashi? Yawancin allunan rile da ake sayarwa suna kamawa ne idan wutar ƙafar ta sauka zuwa volt sifili, wato akasin LED. Shi ya sa nake gwada wannan da ƙaramin ƙwai tukuna, in zare USB in mayar, ina sauraron ƙarar rilen, in ga ko zai kama ba a umarce shi ba.