Tafiyar ƙafa a hanyoyin Skyrim da abin da ke tare mutum

Yawancin masu buga gem ɗin Skyrim basa tafiya a hanya, gaskiya kenan, mutum zai buɗe taswira ya danna garin da ya taɓa zuwa, allo yayi baƙi, sai gashi a ƙofar garin. Gem ɗin ya fito tun 11 ga Nuwamba 2011 daga kamfanin Bethesda, amma har yau akwai wanda ya gama babban labarin bai san me ke tsakanin Whiterun da Solitude ba. Ni da na kunna Survival Mode, tsarin da yunwa da sanyi da rashin barci suke shafar mutum, wanda aka saka wa masu sigar Special Edition kyauta a sabuntawar da akayi a 2021, sai aka rufe min wannan tsallaken gaba ɗaya, ko dai in taka da ƙafata, ko in hau doki, ko in biya keken doki. Kuma wallahi sai a lokacin naji kamar wani gem ne daban aka bani.

Farkon abin da ke gaisawa da kai kyarketai ne, tun a gangaren da zai kai ka Riverwood bayan ka fito daga Helgen, inda gem ɗin yake farawa. Basu da wani ƙarfi sosai, matsalarsu cizon, domin suna sa wata cuta da ake kira Rockjoint wadda take rage ƙarfin saranka, kuma gem ɗin bazai yi ta maka ihu akai ba, sai dai kaji mutanen gari suna ce maka kamar baka da lafiya. Idan kaji wannan maganar ka duba jerin abubuwan da ke aiki a jikinka. Beyar na yankin Riften ma yana da tasa cutar, ita numfashin gudu take ci. Dan haka bana fita gari babu kwalbar maganin cuta ko ɗaya a jaka.

Samudawan nan na filin Whiterun masu kiwon giwaye masu gashi kuwa basa neman kowa da faɗa. Zaka hango babbar wutarsu daga nesa, idan ka matso sai Basamuden ya tsaya ya ɗaga kulkinsa yana buga ƙasa, gargaɗi ne yake maka, ka ja da baya shikenan. Wanda ya ƙi ji duka ɗaya ne, gawarsa ta tashi sama kamar bazata dawo ba. Na sha wucewa ta gefen sansaninsu lafiya lau saboda ina kan titin dutse ban sauka ba.

Inda nake so in daɗe shine Valtheim Towers, saboda a nan na fara fahimtar yadda aka tsara hanyoyin ƙasar. Idan ka bar Whiterun ka nufi gabas kana bin kogin White River, zaka tarar da hasumiya biyu da wata doguwar gada ta dutse ta haɗa su ta saman ruwa, titin kuma ta gindin hasumiyar farko ya bi, dutse a dama ruwa a hagu, babu wani wajen kaucewa mai daɗi. Da na iso wata 'yar fashi ce tsaye a bakin ƙofa kusa da tukunyar girki, ta tare ni tace hanyar ta biya ce, zinare 200. A lokacin kuɗin nan ba ƙarami bane a wajena, doki ma 1000 ake sayar dashi, ɗaki a masauki 10. Abin da mutum baya lura dashi idan idonsa yana kanta shine masu kwari da baka da ke saman gadar, kana zare takobi zasu fara sako maka kibau daga inda takobinka bazai kai ba. Abin da yayi min aiki shine na gama da ita da sauri na faɗa cikin hasumiyar, domin a ciki kibau basa samunka kuma matakalar ƙunci gareta, dole su zo maka ɗaya bayan ɗaya, garkuwa a gaba kana hawa a hankali. Shugabansu yana can ɗaya ɓangaren da sulke mai nauyi, idan ka riga ka samu ihun sihirin nan na Fus Ro Dah cikakke, wanda yake cilla mutum nesa, kuma ka same shi a tsakiyar gada to ruwa zai ƙarasa maka aikin, sai dai kayan jikinsa sai ka sauka ka nemo. Kuma ba abin kunya bane ka biya ka wuce in lebul ɗinka yana ƙasa, suna barinka ka tafi matuƙar baka leƙa musu ciki ba.

Irin wannan tarkon akwai shi a yamma ma, Robber's Gorge, tsakanin Rorikstead da Dragon Bridge a hanyar Solitude, su 100 suke karɓa, kuma sun tara duwatsu a sama da zasu sako maka su. Duk inda naga titi ya matse tsakanin tsauni biyu ko ya bi ta ƙarƙashin gada ko ganuwa yanzu sai in tsaya daga nesa in durƙusa in duba sama tukuna. Mu da muka san me kalmar tare hanya take nufi a zahiri, akwai lokacin da abin yake ɗan taɓa zuciya ko da a cikin gem ne, bana ɗaukarsa abin dariya.

Amma waɗanda suka fi bani tsoro ba masu zaman hasumiya bane, su ai ka san inda suke. Masu zuwa da magana sune matsalar. Akwai wasu mutum uku da zaka gani sanye da kayan sojan Imperial su ce maka ka shigo wajen da aka hana shiga sai ka biya tara, in ka waiga gefen titi zaka ga gawarwakin ainihin sojojin an tuɓe musu kaya. Akwai ɓarawo da zai ɓullo ya ce ka miƙo abin da ke jikinka. Akwai wanda zai zo a guje yana haki ya danƙa maka wani makami ko sulke yace ka riƙe masa zai dawo, jim kaɗan sai ga mafarauci yana tambayar ko kaga wanda ya sace masa kaya, ni dai mayar masa nake yi, kayan ba nawa bane kuma ba na wanda ya bani bane. Sai 'yan Thalmor, wasu jami'ai masu kama mutane saboda addini, da baƙaƙen rigunansu suna jan fursuna ɗaure da hannu, waɗannan idan baka shirya ba ko kallonsu kar ka tsaya yi, matsafinsu walƙiya yake harbawa, tana cin laif, wato lafiyar jikinka, tana cin ƙarfin sihirinka lokaci guda. Sannan in ka taɓa ɗauke wa wani kaya a gari ko da ba a kama ka ba, zai iya turo maka 'yan daba uku su same ka a hanya, zaka ga takardar kwangilar a aljihun ɗayansu da sunan wanda ya aiko su. Ka'idata yanzu itace duk wanda naga ya nufo ni kai tsaye a daji sai in danna F5, maɓallin da ke ajiye inda na tsaya a gem, kafin ya buɗe baki, daman mai bugawa a kwamfuta a inda ake ɗauke wuta babu sallama ya kamata yatsansa ya saba da wannan maɓallin.

Maganar diragon gajeriya ce. Basa fara yawo a sararin ƙasar sai bayan ka kashe na farko, Mirmulnir, a hasumiyar tsaro da ke yamma da Whiterun. Wato kana iya jinkirta wannan aikin ka zaga ka ƙara ƙarfi tukuna. Idan kuma sun fara, da zarar kaji kiɗa ya canza ka nemi dutse ko bango da zai tare maka wutar bakinsa, ka harbe shi da baka har ya sauko. Abin da bana so shine in jawo shi cikin ƙaramin ƙauye, domin mutanen ƙauyen fitowa suke da wuƙaƙensu su mutu a banza, wani ma mai shago ne da kake buƙata.

Yanke hanya shine abin da yafi kashe mutane a ganina. Taswirar tana nuna maka alama can gaba sai kaga kamar in ka miƙe ta tsauni zaka fi sauri, daga Whiterun zuwa Morthal misali akwai mashiga ta kufan Labyrinthian, gajeriya ce sosai amma tirol ɗin ƙanƙara ne suka cika wajen, fararen dodanni masu ido uku da raunin jikinsu yake warkewa da kansa kana kallo. Wuta ce maganinsu, ko sihirin Flames ɗin nan da kowa yake farawa dashi yana taimakawa. Ɗaya daga cikinsu ne yake zaune a kan hanyar matakala 7,000 da ake hawa daga Ivarstead zuwa High Hrothgar, a wani lungu da dutse ya rufo ta sama, kuma gem ɗin yana tura ka can tun kana ɗanye. Ni Lydia, abokiyar tafiyata, na saka a gaba tana karɓar duka ina ƙona shi ta baya, sai dai ka kula, abokin tafiya in ya jigata durƙusawa yake yi maƙiya su ƙyale shi, amma in wutarka ce ta same shi a wannan halin mutuwa zai yi da gaske. Titin dutse ya fi tsawo, amma yana da allunan da ke nuna gari, masu gadi suna sintiri a kusa da garuruwa, ga fataken Khajiit da tantunansu, ga masauki jefi-jefi. Doki yana rage nisa amma yana da taurin kai, kana sauka zai ruga ya shiga faɗa da beyar ko diragon, 1000 ɗinka ta tafi. Nesa da wajen faɗa nake barinsa in ƙarasa a ƙafa.

Sai sanyi, wanda a Survival Mode shi kaɗai ya isa ya gama da kai babu wanda ya zare maka makami. Sanyi yana cinye layin laif ɗinka daga gefe, yunwa tana cin numfashi, rashin barci yana cin sihiri, kuma kayan da zaka iya ɗauka an rage su daga 300 zuwa 150, har kibau suna da nauyi. Hanyar Winterhold ce ta nuna min haka. Na taso daga Windhelm da rana ta fara yin ƙasa, kafin in yi nisa iska ta taso da ƙanƙara, gefen allon ya fara yin fari-fari, tafiyar mutumin nawa ta koma ja da ƙafa, laif ya ragu ya kai inda kyarkeci ɗaya zai iya ƙarasa ni, ina riƙe da bakin wuta a hannun hagu saboda yana ƙara ɗumi kaɗan, wato babu garkuwa kenan. Wutar wani sansani na hango a gefe na tsaya a kanta har jikin ya dawo sannan na ci gaba. Tun daga nan arewa bana tashi sai da asuba, da kayan gashi a jiki, da miya mai zafi wadda ake dafawa da Fire Salts, kuma ruwan yankin ko ƙafa bana sakawa domin iyo a cikinsa laif yake zuƙewa nan take. In tafiyar ta ratsa tsakanin Dawnstar da Windhelm to Nightgate Inn ne wajen kwanana, ko da rana bata faɗi ba.

Keken doki yana nan a wajen ƙofar manyan garuruwa biyar, Whiterun, Solitude, Windhelm, Riften da Markarth, zinare 20 zuwa babban gari, 50 zuwa ƙanana irin su Dawnstar, Morthal, Falkreath da Winterhold. Ka tuna ƙananan nan kai ka kawai ake yi, babu keken da zai dawo da kai, dan haka in ka sauka a Winterhold dawowar a ƙafarka take. Ni inda nake biyan 20 ɗin ba tare da dogon tunani ba shine Markarth, domin hanyar ta cikin kwazazzabai take bi, 'yan Forsworn, masu tawayen yankin, kuma a saman duwatsun suke da kibau da matsafansu, sai mutum ya kai lebul mai ɗan kauri kuma yana da abokin tafiya sannan zan ce ya gwada ta a ƙafa.