Wari ba ya jiran alƙali: shari'ar masu juji da maƙwabtansu

Babbar matsalar wanda ya kai ƙarar kamfanin binne shara a kan wari ita ce abin da yake kuka da shi ba ya ɗaukuwa. Da iyakar fili ce aka ci, sai a zo a auna. Da bango ne ya tsage, sai a ɗauki hoto. Amma ɗoyin da ya tashi mutum ƙarfe huɗu na asuba, kafin jami'in muhalli ya iso da hantsi ya riga ya bi iska. Jami'i ya rubuta cewa bai ji komai ba, kuma gaskiya ya faɗa. Wannan takarda ce lauyan kamfani zai ɗaga a kotu bayan shekara biyu.

Akwai dalilin da ya sa warin ya fi tsanani da dare da asuba. Idan gari ya yi sanyi, iska ta kwanta, iskar da ke kusa da ƙasa ba ta tashi sama, sai gas ɗin juji ya riƙa malala kamar ruwa, yana bin gangare yana taruwa a kwari. Haka kuma idan nauyin iskar sama ya ragu farat ɗaya, kamar gabanin hadari, juji yakan yi ajiyar zuciya, ya fitar da gas fiye da kullum. A 1986 irin wannan ya sa gas ya bi ta ƙarƙashin ƙasa ya tarwatsa wani gida a Loscoe, cikin Ingila.

Gas ɗin kansa, kusan rabinsa metan ne, kusan rabi kuma kabon dayokzaid, kuma duka biyun ba su da wari. Abin da hanci ke kamawa ɗan ƙanƙani ne a ciki: haidirojin salfaid mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da amoniya, da danginsu. Salfaid ɗin ya fi yawa inda aka binne ɓaraguzan allon jifsam na gine-gine tare da ruɓaɓɓen abinci, ruwa ya jiƙa su, iska ba ta shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da lambobi biyu a kansa, kuma a tsakaninsu ake yawan tafka gardama. Don kare lafiya, kada ya wuce maikirogiram 150 a kowace mita kubik a tsawon awa 24. Don kada mutane su takura da wari kuwa, kada ya wuce maikirogiram 7 a cikin minti 30. Masanin da kamfani ya ɗauko zai kawo ta farko, ya ce ai ko kusa ba a kai ba. Lauyan da bai san ta biyu ba, nan za a kwance masa zani a kasuwa.

Juji mai tsari ba ya ɗoyi haka siddan, sai wani abu ya lalace. A ƙa'idar Amurka, duk yamma sai a rufe sharar ranar da ƙasa mai kaurin inci 6. Kamfanin da ke son ramin ya ci shara da yawa yakan rage wannan ƙasar, domin kowane taku da ƙasa ta cinye kuɗi ne. Sai rijiyoyin gas, bututu masu huji da ake kafawa cikin sharar, inji yana zuƙo gas ɗin yana kai shi inda ake ƙone shi. Idan ruwan juji ya taru ya toshe hujin, rijiya ta daina aiki, gas ya nemi hanya ta tsagar ƙasa. Idan wutar ƙonawa ta mutu cikin dare babu mai gadi da ya lura, to unguwa ce za ta fara sani. In kuma aka matsa zuƙa fiye da kima, iska ta shiga cikin sharar, wuri ya yi zafi har ya riƙa ci ta ciki. A jujin Bridgeton na jihar Misuri an gano irin wannan cin ƙarƙashin ƙasa a 2010, ya yi shekaru yana yi, kuma a 2018 kamfanin ya yi sulhu da jihar a kan dala miliyan 16.

Kariyar farko da kamfani ke riƙewa ita ce lasisi: hukuma ta ba mu izini, ba mu saɓa sharaɗi ba, me kuma ake nema? Wannan hujja ta taɓa cin nasara. Gidaje 152 a garin Ware na Ingila sun kai kamfanin binne shara na Biffa ƙara, babbar kotu ta kori kusan dukkan ƙarar a 2011, har alƙalin ya yanke cewa sai wari ya wuce kwana 52 a shekara kafin a kira shi cutarwa. Kotun ɗaukaka ƙara ta rushe wannan a 2012. Ta ce lasisi tsakanin kamfani ne da hukuma, bai ɗauke wa maƙwabci haƙƙinsa na zama gidansa cikin kwanciyar hankali ba, kuma mai ƙara ba sai ya nuna sakaci ba. A ganina wannan shi ne daidai, don hukumar da ta ba da izinin ba ita ke kwana a gidan ba.

Kariya ta biyu: kun zo kun same mu. A dokar Ingila wannan ba ta cika tsayawa ba, kotun ƙoli ta sake tabbatar da haka a 2014, muddin mai ƙara yana amfani da gidan yadda na gabansa ya yi. Wasu ƙasashe suna ba ta nauyi, musamman wajen lissafin diyya.

Ta uku ta fi ban mamaki: kun yi yawa. A jihar Fensilbaniya an shigar da ƙara a madadin gidaje kusan 8,400 da ke cikin tazarar mil biyu da rabi daga jujin Bethlehem. Kotun farko ta ce abin da ya shafi jama'a haka na gwamnati ne ta bi kadinsa. A 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a'a, yawan waɗanda aka cutar ba ya hana kowane mai gida neman haƙƙinsa.

Akwai masu barin kamfani su kama gwamnati. A 1994 Kotun Turai ta Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta samu Sifaniya da laifi saboda wata masana'antar sarrafa shara da ke mita 12 daga gidan wata mata a garin Lorca. A 2004 ta samu Turkiyya da laifi a kan fashewar metan a jujin Umraniye na Istanbul, wadda ta kashe mutum 39 a 1993. Sai dai hanya ce mai tsawo, kuma kotuna ba sa son koya wa hukuma aikinta. A Silverdale ta Ingila, babbar kotu ta goyi bayan wani yaro ɗan shekara biyar mai ciwon huhu, wanda ya kai hukumar muhalli ƙara a kan gas ɗin wani juji da ke kusa, a Satumban 2021, kafin shekara ta ƙare kotun sama ta soke hukuncin.

Duk wannan, abin da ke raba gardama shi ne rubutu. Kowane gida ya samu littafinsa, ya rubuta da hannunsa a ranar da abin ya faru: kwanan wata, lokacin da warin ya fara da lokacin da ya tafi, ƙarfinsa daga 1 zuwa 6, kamanninsa, ko na ƙwai ne ko na sabuwar shara ko na ƙonewa, da kuma abin da ya hana. "An rufe tagogi, an kwashe shanya, yara sun kasa cin abinci a tsakar gida" ya fi "wari ya dame mu ƙwarai" amfani sau goma. A rubuta ranakun da babu wari ma. Littafin da ya ce kullum akwai, kuma kullum 6 ne, lauya zai yaga shi cikin minti biyar, zai nuna ranar da iska ta yini tana kaɗawa daga gidan zuwa juji. Kuma kada a kwafi na maƙwabci. Littattafai ashirin masu kalmomi iri ɗaya shaida ɗaya ce, ita ma abin zargi. Duk lokacin da aka kira hukuma, a karɓi lambar ƙorafi a ajiye.

Kamannin warin yana da muhimmanci domin kamfani zai nuna wa kotu mayanka, ko gonar kaji, ko magudanar bahaya da ke kusa, ya ce ga mai laifi can. Abin da ke rufe wannan ƙofa shi ne a ɗora littattafan a kan bayanan alƙiblar iska na awa-awa, sannan a ɗora su a kan takardun kamfanin kansa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Lauya ya nemi kotu ta tilasta a kawo rajistar lokutan da wutar ƙona gas ta mutu, da ma'aunin zurfin ruwa a rijiyoyi, da rasitan sikelin motoci masu nuna irin sharar da aka karɓa, da ranakun da aka tona tsohuwar shara don shimfiɗa bututu. Idan daren da gidaje talatin suka rubuta 5 ya dace da daren da injin zuƙa ya tsaya awa shida, yawanci daga nan ake fara maganar sulhu. Na'ura ma ba ma'asumiya ba ce: a 2023 hukumar muhalli ta Ingila ta amsa cewa na'urorinta a Silverdale sun daɗe suna nuna salfaid ƙasa da yadda yake, saboda kuskuren saiti. A nemi takardar saitin kowace na'ura.

Shari'ar ruwa ta fi sauƙin nunawa, ta fi tsada. Ƙasan ramin zamani akwai yumɓu dannanne mai kaurin ƙafa 2, a kansa shimfiɗar roba mai kauri, kuma bai kamata ruwan juji ya taru a kanta fiye da santimita 30 ba. Idan ya yoyo, amoniya da kuloraid ne ke fara nunawa a rijiya. Amma gwajin rijiya ɗaya ba hujja ba ne. Sai an gwada ta saman juji, inda ruwan ƙasa ke fitowa, da ta ƙasansa, inda yake gangarawa, a nuna bambanci. Kwalba ta fito daga ɗakin gwaji, a sa ta cikin ƙanƙara, duk wanda ta bi ta hannunsa ya sa hannu. Ruwan da aka ɗebo a tsohuwar gora kotu ba za ta dube shi ba.

Da'awar ciwo kuwa a yi hattara da ita. Tabbatar da cewa asmar wani daga juji take yana buƙatar likitoci da kuɗi mai yawa, kuma wa'adinta gajere ne: a Ingila shekara 3, alhali ƙarar takura wa maƙwabci a gidansa, irin ta wari, shekara 6 ce.

Yawancin waɗannan shari'u a teburin sulhu suke ƙarewa, kuma nan ake yin asarar da ba a ankara ba. Kuɗin diyya in aka cire na lauyoyi aka raba wa ɗaruruwan gidaje, ba ya taka kara ya karya. Abin da ya fi shi shi ne aikin da aka rubuta da adadi da rana: rijiyoyi nawa za a ƙara, yaushe za a rufe ɓangaren da ya cika, wa zai riƙa awo a bakin iyaka, nawa za a biya duk ranar da aka saɓa. A karanta sakin layin yafewa da kyau, wasu takardun suna sa mutum ya yafe har warin da bai zo ba tukuna, wasu ma su ɗaure wanda zai sayi gidan nan gaba. Sannan a tambayi inda kuɗin ajiyar gyara yake, da sunan wa. Juji yana fitar da gas shekaru da dama bayan an rufe shi, shi ya sa Amurka ta wajabta kula da shi na shekara 30. A Silverdale hukuma ta ba da umarnin rufewa a Nuwamban 2024, zuwa Fabrairun 2025 kamfanin ya durƙushe, aikin kula da ramin ya koma wuyan hukuma.