Albasar Abzin: a auna rijiya kafin a sayi inji

Garkarmu tana bakin wata ƙorama a kudancin duwatsun Abzin, wajejen Tabelot. Ruwan sama a yankin Agadas ba ya isa a noma ko gero. Abin da ke rayar da garake shi ne ambaliyar Yuli zuwa Satumba: ruwa ya sauka kan dutse, ya gangaro cikin ƙorama na 'yan sa'o'i, yashi ya shanye shi, rijiyoyin gefe su ɗago. Duk noman shekara a kan wannan ajiya yake tafiya.

Ana yawan ambaton arzikin yankin da yuraniyom na Arlit ko zinaren Jado da aka gano a 2014. Amma mahaƙar yuraniyom ta kamfanin Cominak a Akokan an rufe ta a Maris na 2021, zinare kuma sa'a ce, wani ya samu goma su dawo da bashi. Albasa ita ce ke ɗaukar ma'aikata duk shekara: masu dashe, masu ban ruwa, masu ɗinkin buhu, 'yan dako, direbobi. Dalilin darajarta lokaci ne. Albasar Galmi da sauran ƙasar Tawa tana fitowa wajen Maris da Afrilu. Tamu ana noma ta cikin damina saboda iskar nan busasshiya ce, ba ta ruɓar da ita kamar a kudu, sai ta fito daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da rumbunan kudu suka yi ƙasa. Shi ya sa manyan motoci ke hawowa har nan su kwashe ta zuwa Gana da Kodebuwa.

Kuskurenmu na farko shi ne mun faɗaɗa fili bisa ƙarfin inji. Da can raƙumi ke jan guga, abin da Abzinawa ke kira takarkart, kuma raƙumi ba ya iya ƙafar da rijiya. Injin fetur mai bakin inci 2 kuwa yana jan ruwa kusan tano 150 (ganga mai lita 200) a sa'a. Rijiyarmu faɗinta mita 1.40 ne, wato kowace mita ta tsayin ruwa tana ɗauke da lita 1,500 da ɗoriya, kusan tano 8 ke nan. In ruwa ya kai mita 3, cikin minti goma inji ya kwashe shi ya fara zuƙar iska. Mun dasa rabin hekta, rijiyar ba ta iya shayar da ko rabin wannan ba, gefen yamma ya ƙone a watan Satumba.

Ga yadda muke auna rijiya yanzu. Da asuba a zura igiya mai ƙulli a kowane santimita 10, a ga inda ruwa ya kwana. A janye shi ƙarƙaf, a jira sa'a guda cur, a sake aunawa. Abin da ya dawo shi ne ainihin ƙarfin rijiya. A yi wannan a watan Mayu, lokacin da ruwa ya fi nisa. Wanda ya auna bayan ƙorama ta zo ya ruɗi kansa. Albasa cikin zafin nan tana neman milimita 6 zuwa 8 a rana, wato kwata ɗin hekta na shan tano 75 zuwa 100 kullum. Rijiyar da ke dawo da mita ɗaya a sa'a da ƙyar take ɗaukar kwata ɗin. A nan muka tsaida filinmu, kuma buhunan da muke samu sun fi na lokacin rabin hekta.

Akwai wata iyakar da masu sayar da inji ba sa faɗa. Injin da ke zaune a bakin rijiya ba ya zuƙo ruwa da ya wuce zurfin mita 7 zuwa 8, komai ƙarfinsa. Da ruwa ya yi nisa sai mutane su ɗaure inji su zura shi cikin rijiya kan katako. Yana aiki, amma hayaƙinsa na taruwa a ƙasa, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari. Kada kowa ya sauka rijiyar da inji ke aiki a cikinta ko bai daɗe da mutuwa ba.

Mun koma famfon da ake nutsarwa cikin ruwa mai aiki da farantan hasken rana. Amfaninsa a gare mu bai tsaya ga kuɗin mai ba. Yana ja a hankali, tano 8 zuwa 10 a sa'a, daidai da numfashin rijiyar. Sai dai dole a gina masa tafkin siminti a wuri mai tudu. Namu mita 3 ne a mita 3, zurfi mita 1, yana cin tano 45. Famfo ya cika shi da rana, a saki ruwa da yamma da sassafe. Abu biyu ke kashe irin wannan famfo: yashi da ke cinye fukafukansa in an ajiye shi dab da gindin rijiya, da aiki ba ruwa. A rataye shi aƙalla rabin mita sama da ƙasa, a sa masa abin da ke kashe shi in ruwa ya janye. Farantan kuma a share su duk kwana biyu ko uku, ƙura na rage ƙarfinsu a fili. Magudanar ƙasa muka bari, muka binne bututun roba zuwa bakin fangali, don cikin yashi ruwa mai yawa na salwanta kafin ya isa.

Shi noman kansa ba wuya. Kilo ɗaya da ɗan ƙari na iri ya isa kwata ɗin hekta. A yafa shi a Mayu ko Yuni, a yi masa rumfar ganyen goriba don rana, a dasa bayan kwana 40 zuwa 45 da tazarar santimita 10 zuwa 15. Takin awaki ya zama ruɓaɓɓe, ɗanye na ƙona saiwa. In ganye ya fara yin fari-fari kamar an watsa toka, a buɗe tsakiyarsa, ƙananan ƙwari ne ke tsotsa. In wuyan rabin albasar ya kwanta, a yanke ruwa kwana 10 zuwa 15 kafin cira. Mun taɓa ba ta ruwa har ranar cira don ta yi nauyi, buhunan suka isa kasuwa suna ɗiga.

Ƙoramar da ke cika rijiya ita ce kuma ke cin garka. Mutanen Agadas ba su manta da ambaliyar ƙoramar Telwa ta farkon Satumba 2009 ba. Shingen ƙaya ba ya tare komai. Duwatsu cikin ragar waya, a kafa su da tushe cikin ƙasa, su ke riƙe gaɓa, kuma aikin gayya ne, domin in maƙwabcinka na sama bai yi ba ruwa zai zagayo ta bayanka.

Wurin da riba ke zubewa shi ne bayan cira. Daga Agadas zuwa Tawa kilomita 400 ne a kan hanyar da ta lalace, kafin ma a soma zancen iyaka da shingaye. Ɗan kasuwa ya san albasar damina ba ta jure ajiya kamar ta rani, ya san kuma wanda ya ci bashin iri da mai daga hannunsa ba shi da bakin ciniki. Abin da ya yi mana magani shi ne raba dashe gida uku, tazarar mako biyu-biyu, don kada duka ta nuna rana ɗaya, sannan mu manoma shida mu haɗa kaya mu cika mota ɗaya. Wani ɓangaren filin kuma muna barinsa ga tafarnuwa da alkama a lokacin sanyi, su ake iya ajiyewa a ɗaki har farashi ya gyaru.