Murfin tirela ya tsaya da kansa: yadda na zaɓi shok ɗin gas

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Aikin tirelar nan tamu ta zuwa zango ya kai kan murfi. An gama walda, an ɗaura hinji uku a gaba, an kafa farantin sola a sama. Abin da ya rage shi ne shok ɗin gas, irin wanda ke riƙe but ɗin mota, don mutum ɗaya ya iya ɗaga murfin ya ciro kayan girki ba sai wani ya tallafe masa ba.

Da na je Magajin, wato Suame, unguwar makanikai da kayan mota a Kumasi, kowane mai shago tambayarsa ɗaya ce: "Masta, kilo nawa ne murfin?" Tambayar ba ta da laifi, amma rabin magana ce. Lambar da ke jikin shok, 400N ko 600N, ƙarfin turinsa ne a ma'aunin niyuton, kuma niyuton 10 kusan kilo 1 ne. Sai dai shok ba a bakin murfi yake turi ba, kusa da hinji yake, inda nauyi ya fi rinjaye. Gwada tura ƙofa daga gefen hinjinta, za ka gane nufina. Shi ya sa murfi mai kilo 40 zai iya neman shok biyu masu turin kilo 60 kowanne.

Ga yadda na auna. Ban kwance murfin ba. Na ajiye sikelin awon mutum a ƙasa, na tsayar da guntun katako a kansa, na ɗora bakin murfin a kan katakon yana kusan kwance. Bayan cire nauyin katakon, sikeli ya nuna kilo 20, wato kusan rabin nauyin murfin, sauran yana kan hinji. Daga hinji zuwa baki santimita 120 ne. Na ninka, ya ba ni 2,400, wato ƙarfin da ke janyo murfin ƙasa yana kwance. Ku auna da duk abin da zai zauna a kan murfin. Wanda ya auna murfin tsirara, daga baya ya ɗora sola ko tanti, lissafinsa ya rushe.

Yayin da murfi ke tashi, nauyin da ke janyo shi ƙasa raguwa yake: a digiri 30 saura kusan 2,080, a digiri 60 saura rabi, 1,200. Ni a digiri 30 nake so ya fara tafiya da kansa, don haka can na yi lissafi. Na zana gefen tirelar a kan babban kwali daidai girmanta, na ja layin shok, na auna tazara mafi kusa tsakanin hinji da layin. Wannan tazarar ce ƙashin bayan aikin, kuma ita ce mutane ke tsallakewa. Tawa ta zo santimita 17. Shok biyu, ya zama 34. Raba 2,080 da 34, ka samu kilo 61, wato kusan 600N.

Wani tsohon fita, wato makanike, da ke kusa ya ce, "Ƙanina, ɗauki 800 ka huta." Na girmama maganarsa, amma na sake komawa kan kwali. A buɗe sosai, wato a digiri 60, tazarar santimita 20 ce. Da 600N, ja na kilo 10 a bakin murfi zai rufe shi. Da 800N sai an ja kilo 17, hannu a sama, kuma ba ni kaɗai zan riƙa buɗe tirelar nan ba, har uwargida da yara. Ga kuma abin da ba a gani: idan murfi na rufe, shok a matse yake, turinsa ya haura lambar da ke jikinsa, galibi da kusan kashi 30 cikin 100, kuma duk wannan ƙarfin a kan hinji da walda yake sauka dare da rana. Ƙara masa girgizar hanya. Shok da ya yi ƙarfi da yawa yakan lanƙwasa maƙalinsa ko ya ɗaga murfi daga gefen hinji, ƙura da ruwan sama su samu hanya.

Zafi ma na da nasa. Iskar nitrojin ce a ciki, ana rubuta ƙarfinsa a ma'aunin zafi 20, kuma duk ƙarin 10 yana ƙara masa fiye da kashi 3 cikin 100. A zafin ranar Kumasi zai ɗan fi ƙarfi, da asubahin hunturu a dajin Mole da ke arewacin Ghana zai ɗan yi laushi. Bai kai ya sauya zaɓina ba.

Na hannu sun fi araha, amma iskarsu ta riga ta ragu, kuma da wuya biyu su zo daidai, sai murfi ya karkace. Sabbi na saya, iri ɗaya, tsawo ɗaya. Na ɗaura su siririn sandan yana kallon ƙasa, don man da ke ciki ya zauna kan roba, murfi kuma ya ƙarasa buɗewa a hankali. Kada fenti ya taɓa sandan, kada a yi walda shok na jiki, kada a huda shi ko da ya daina aiki.

A gwaji, hannu ɗaya ya ɗaga shi zuwa wajen ƙirji, daga nan ya tafi da kansa ya tsaya. Na bar ramuka uku a maƙalin ƙasa, tazarar santimita 2, don in matsa shi idan nauyi ya ƙaru. Saura maƙulli biyu a baki, da sandar tokara da zan ƙara, domin ba zan sa kan yaro ƙarƙashin kilo 40 ina dogaro da iska kaɗai ba. Mako mai zuwa, in Allah ya yarda, za mu ja ta zuwa tafkin Bosomtwe mu ga yadda hinjin zai yi da hanya.