A ƙarshe dai mai sihirinmu ya fara jin tsoro

Ƴan uwa masu jan wasan D&D (Dungeons & Dragons, wasan labari da ake yi da ƴan ludo), jiya da dare a fadarmu ta Zariya abin da na daɗe ina nema ya samu: mai sihirinmu ya riƙe ɗan ludon mai fuska 20, ya kasa jefawa, har shayinsa ya huce.

Ga matsalar. A D&D bugu na 5 na 2014, dokar Wild Magic, wato sihirin da ke kuɓuce wa mai shi, ta ce sai 1 ta fito a ɗan ludon mai fuska 20 kafin sihiri ya ƙwace, a koma teburin d100, wato jerin sakamakon da ake zaɓa da lamba 1 zuwa 100. Kashi 5 cikin 100 ke nan. Ko sau biyar ya yi, haɗarin bai kai kashi 23 ba, wa zai ji tsoro? Da muka ɗora gajiya a kan duk wanda sihirinsa ya ɓaci, sai abin ya wuce gona da iri. Matakan gajiya shida ne, na shida mutuwa, kuma dogon hutu mataki ɗaya kawai yake cirewa. Yaron nan ya daina sihiri kwata-kwata, ya koma harbi da baka a bayan mayaƙa. Wallahi raina ya ɓaci, ga jika shida da na kashe aka kawo mini ƴan ludon nan daga Kano.

Abin da ya yi aiki: lambar haɗari tana hawa. Sihirin farko 1, na biyu 1 zuwa 2, haka har sai an yi dogon hutu ko abin ya fashe, sannan ta koma 1. Na lissafa a takarda, kafin ya gama na biyar haɗarin ya kai kusan kashi 56. Ƙananan sihiri na kullum ba na ƙirga su.

Sai na aro dabara daga wani wasan, Dungeon Crawl Classics na 2012, inda mai sihiri ke ƙona ƙarfin jikinsa don sihirin ya ci. A wajenmu, in lambar ta kama shi, shi zai zaɓa: ya karɓi abin da tebur ya ba shi, ko ya biya da maki biyu na ƙarfinsa har sai an huta. Zaɓin nan shi ne gishirin. Jiya ya biya, ya ceci abokansa a bakin kogo, fada ta kaure da ihu.

Saura teburin. Na littafi wasa ya yi masa yawa, har da mutum ya zama tukunyar fure. Ina rubuta namu mai layi 20, kuma ban yanke ba tukuna ko dokar za ta hau kan masu warkarwa, don mai warkarwarmu ta riga ta ce ba ta yarda ba.