Laraba, a ɗakin gwaji

Tun da hantsi nake gaban akwatin gwaji a nan Tulus ta ƙasar Faransa, ina lura da ƙaramar na'urar da muke ƙerawa, wadda za ta riƙa auna man da ya rage a tankin jirgin sama. Mun saukar da ita zuwa digiri 55 ƙasa da sifiri, muka bar sanyi ya ratsa ta, sannan muka ɗaga zuwa 70. Haka kundin DO-160 na ƙa'idojin gwajin na'urorin jirgin sama ya tanada, wanda hukumar RTCA ta Amurka ta fara fitarwa a 1975, Turawan nan kuma suna kiransa ED-14. A cikinsa akwai babin zafi da sanyi, na raɓa, na girgiza, na tsawa, har da na rairayi da ƙura.

A sanyi ta yi aiki lafiya, a zafi ma haka. Sai a tsakani, zafin yana hawa, lissafinta ya ɗauke na ɗan lokaci ya dawo. Wannan ɗaukewar ta fi tayar min da hankali fiye da a ce ta mutu gaba ɗaya, domin irinta ce makaniki zai duba a ƙasa ya ga komai daidai, ya mayar da ita cikin jirgi.

Bayan azahar muka sa allon da aka liƙe ƙananan sassan na'urar a kansa ƙarƙashin madubin ƙara girma. Tsaga ce siririya a dalmar da ta liƙe ƙafar wani ɗan ƙaramin sashe. Allon da sashen ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna, dalmar da ke tsakaninsu ce ke shan wahalar, har ta gaji.

Abokin aikina yana ganin gwajin ya yi tsanani. Ban yarda ba. Na ce masa ya ƙaddara jirgi ya yini a filin Malam Aminu Kano a watan Afrilu, rana ta haura digiri 40, cikin rabin awa ya kai ƙafa 35,000 inda sanyi ya kusa 55 ƙasa da sifiri, iska kuma ta yi ƙaranci ba ta iya kwashe zafin na'ura sosai. Daga nan ya gangaro Legas, ƙarfe mai sanyi ya haɗu da iska mai laima, raɓa ta kwanta. Gobe kuma a maimaita, shekara da shekaru, da mutane a ciki.

Mun yanke shawarar sauya sashen da mai ƙafafu masu ɗan lanƙwasa, sannan a shafe allon da siririn rufin da ke hana laima. Gobe in Allah ya kai mu, sai gwaji a teburin girgiza.