Tawa zuwa Maraɗi: kilomita 250 a sama

Ranar da ƙanwata ta kira ni da asuba daga Maraɗi ta ce "Yaya, jikin Inna ya tashi fa, an kwantar da ita", abu na farko da ya zo mini a rai shi ne jirgi. Gidanmu a nan Tawa ba shi da nisa da filin jirgi, duk lokacin da wani ya sauka sai yaran unguwa sun fito suna ɗaga kai. Ina zaune bisa tabarmar salla na buɗe taswira a waya na ja layi daga filin jirgin Tawa zuwa na Maraɗi, ya ba ni kilomita 250 ko kusa da haka. Jirgi mai farfela irin wanda ke yawo cikin ƙasa yana cin wajen kilomita 500 a awa, ke nan ko da an haɗa da tashi da sauka ba zai cika awa guda ba, shayin da ka ɗora ma ba ka kai ga na uku ba ka isa.

Na kira wani abokina da ke harkar tikiti, ya ce "Malam, daga nan zuwa Maraɗi kai tsaye babu, sai dai ka koma Yamai, shi ma in ka dace da ranar da ake da shi." To ku lissafa tare da ni, Tawa zuwa Yamai a sama wajen kilomita 370 ne, Yamai zuwa Maraɗi kuma ya haura 530, wato mutum ya yi 900 don tafiyar 250, ya fara nufar yamma alhali gabas za shi, ga kuɗin tikiti biyu da kwanan Yamai.

Sai na ɗauki jakata na nufi tasha.

Hanyar mota ita ma ba ta miƙe ba, sai ka gangara kudu ta Badagishiri har Tsarnawa kusa da Ƙwanni kafin ka juya gabas, ka wuce Malbaza da hayaƙin kamfanin simintinta, ka shiga Galmi inda buhunan albasa ke jibge bakin gudron, sannan Madawa, Gidan Rumji, Tibiri. Wajen kilomita 350. A Madawa muka tsaya azahar, wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga ina ta duba waya hannuna na rawa, ta kwance bakin zanenta ta miƙo mini ɓarin goro ta ce "ci, ɗana, Allah na nan." Wallahi har yau ina jin ɗacin goron nan a bakina.

Na san jirgi ba ya tashi da kujeru wayam, kuma mutum nawa ne cikinmu zai iya biya? Amma abin na ci mini rai, Tawa da Maraɗi manyan garuruwan jiha ne, kowanne da filin jirginsa, 'yan kasuwarmu kullum suna bisa hanyar nan, ga aure da zumunci tsakani, ko sau ɗaya ne a sati a gwada mana da ƙaramin jirgi.

Bayan la'asar na shiga ɗakin da Inna take, an sa mata ƙarin ruwa, ta buɗe ido ta dube ni ta ce "ka ci abinci kuwa?"